Shin sauti na iya ratsa sararin samaniya?

Ummi:
Assalamu alaikum malamai. Littafin kimiyya na sakandare ya ce sauti ba ya tafiya a sararin samaniya, magana ta ƙare. Amma ga wani faifai da hukumar NASA ta fitar a 2022 yana ta yawo, wai kukan baƙin rami ne, wato wurin nan na sararin samaniya da ƙarfin jansa ko haske ba ya tsere masa, kuma kowa na jin sa a wayarsa. Ke nan ɗaya ya yi kuskure, ko littafin ko su. Wanne za a gaya wa ɗalibi?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. A gaya masa abin da littafi ya ce, don shi ne daidai. Sauti ba wani abu ba ne da ke fita daga baki ya je ya faɗa kunne kamar dutsen da aka jefa. Turereniya ce. In aka buga kalangu, fatar ta yi gaba ta matse iskar da ke gabanta, ta dawo baya ta sassauta mata. Ƙwayoyin iskar da aka matse su turi na kusa da su, waɗannan su turi na gaba, har turin ya iso dodon kunne. Kowace ƙwaya ɗan motsi take yi a inda take, ba ta bin sautin zuwa kunnen mai saurare. Matsin ne ke tafiya. To in babu wanda zai turi wani, ina sauti? A iskar ɗaki mai zafin digiri 20 turin yana gudun mita 343 a daƙiƙa, a ruwa kusan 1,480, a ƙarfe ya kai 5,000 har ya haura. A inda babu komai kuwa ba a ma maganar gudu.

Injiniya Hadiza:
Malam, ban ƙi ta taku ba, amma wannan "babu komai" ɗin ne ke buƙatar gyara. Sararin samaniya ba fanko ba ne ƙaf. Ku ɗauki ɗan wuri mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare, wanda bai kai dunƙulen magi ba. A nan ƙasa ƙwayoyin iskar da ke cikinsa sun kai 25 da sifili 18 a bayansa. A tsakanin Rana da duniyarmu, wuri mai wannan girman yana ɗauke da ƙwaya biyar zuwa goma. A tsakanin taurari, in aka yi raba-daidai, kusan ɗaya. Kaɗan ne ƙwarai, amma ba sifili ba ne.

Abin da ke yanke hukunci shi ne tazarar da ƙwaya ke yi kafin ta yi karo da 'yar'uwarta. A iskar da muke shaƙa tazarar kusan nanomita 70 ce, kamar a tsaga kaurin gashin kai gida dubu a ɗauki ɗaya. Sauti kuma yana da nasa tsawon: daga matsi ɗaya zuwa na bayansa. Sautin da ke kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa tsawonsa santimita 34 ne, mafi kauri da kunne ke ji, wato kaɗawa 20, mita 17, mafi siriri, kaɗawa 20,000, bai kai santimita biyu ba. Ƙa'idar ita ce: sai tsawon sautin ya fi tazarar karon nesa ba kusa ba sannan zai tafi. In ƙwaya za ta wuce mita 17 ba ta taɓa kowa ba, duk sautin da kunne ke ji ya mutu a nan.

Malam Sani:
To ai kin dawo kan maganata, Injiniya.

Injiniya Hadiza:
Na dawo kan rabinta. A kan kunne kun yi gaskiya. Ga lissafin yadda abin ke gushewa in ana hawa sama: a tsayin kilomita 100, inda aka saba cewa nan sararin samaniya ya fara, tazarar karon ta kai wajen santimita 14, sirirran sautuka sun riga sun tafi. A kilomita 150 ta haura mita 30. A kilomita 400, inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ke kewayawa, ana maganar kilomitoci ne. Babu wani layi da za a ce nan sauti ya tsaya. Daga sama ake rage shi, siriri ya fara ɓacewa, mai kauri ya biyo baya. Ragowar rabin kuma shi ne, me zai hana a sami sautin da tsawonsa ya fi wannan tazarar komai girmanta?

Dakta Bello:
A nan maganar faifan da Ummi ta kawo ta shigo, kuma ya kamata a warware ta daki-daki don mutane na haɗa abubuwa uku wuri guda.

Akwai wani gungun damman taurari da ake kira Perseus, nisansa kusan shekarun haske miliyan 240 (shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci a shekara ɗaya). Tsakanin dammunan nan akwai iskar gas mai zafin miliyoyin digiri, tana fitar da hasken X-ray. A tsakiyar gungun akwai ƙaton baƙin rami da ke feso abubuwa lokaci-lokaci, feshin yana hura manyan kumfa a cikin gas ɗin, kumfan suna tura abin da ke kewaye da su. A 2003 na'urar hangen nesa ta Chandra ta ɗauko hoton da ya nuna zobba-zobba a cikin gas ɗin, wuri mai matsi, wuri mai sauƙi, wuri mai matsi, kamar in an jefa dutse a tafki. Wannan shi ne ainihin abin da Malam Sani ya siffanta da kalangu. Bambancin girma ne kawai. Daga zobe zuwa zobe kusan shekarun haske 30,000, kuma kaɗawa ɗaya tana ɗaukar wajen shekara miliyan 10.

Don ku ga nisansa da kunne: ku ɗauki sautin da ke kaɗawa sau 466 a daƙiƙa, ku raba biyu, ku sake raba abin da ya fito biyu, haka har sau 57. Abin da ya rage shi ne sautin Perseus. Abin da aka yi a 2022 shi ne aka juya lissafin, aka yi ta ninkawa biyu-biyu har sau 57 da kuma 58, aka bi hoton a kewaye ana mayar da zobban sauti. Babu makirufo da aka kai can. Igiyar gaskiya ce, muryar da kuke ji a waya kuma aikin kwamfuta ce.

Malam Sani:
Dakta, da girmamawa, abin da sai mutum ya jira shekara miliyan 10 kafin ya kaɗa sau ɗaya ba zan kira shi sauti a gaban ɗalibi ba. Sauti abin ji ne. In aka buɗe wannan ƙofar, gobe yaro zai rubuta a jarrabawar WAEC cewa sauti na tafiya a sararin samaniya, ya faɗi, ya ce mu muka koya masa.

Dakta Bello:
Na'urar hoton ciki da ake duba masu juna biyu da ita tana aiki da kaɗawa miliyan biyu zuwa sama a daƙiƙa, ba kunnen da ke ji, amma a littafin nan naku sauti aka kira shi. Jemage ma haka. In an yarda da wanda ya wuce kunne ta sama, ba dalilin korar wanda ya wuce ta ƙasa. Tambayar jarrabawa kuma a kan wurin da aka zuƙe iskarsa gaba ɗaya take, amsarta a'a ce, ba wanda ya ja. Sai dai kada a ce wa yaro wannan wurin da sararin samaniya abu ɗaya ne.

Oga Lawal mai firij:
Malamai, gani ya kori ji, ko da yake a wannan karon jin ne za a kora. Duk makarantar da ke son nuna wa yara abin nan ba sai ta sayi kayan ɗakin gwaji ba. Injin bakum da muke zuƙe iskar firij da AC kafin mu ɗura gas ya isa.

A nemi kwalba mai kauri, mai faɗin baki, wadda ba ta da tsaga ko ɗis. A huda murfin a ɗaura bakin bawul irin na caji, a liƙe kewayensa da gam mai ƙarfi. A yanka robar tiyub ɗin taya zobe a sa tsakanin murfi da bakin kwalba, a shafa mata ɗan man giris. A haɗa ƙaramar ƙararrawar lantarki mai ƙara "tiii" da batir mai bolt 9, a rataye su da siririyar roba daga cikin murfin yadda ba za su taɓa gefe ko gindin kwalbar ba. A rufe, a haɗa tiyo, a kunna inji minti biyu zuwa uku, a rufe bawul, sannan a kashe injin. Kashe injin wajibi ne, don ƙararsa kaɗai ta isa ta danne ta ƙararrawar, yara su ɗauka gwajin ya yi alhali ba a nuna komai ba.

Inda ake samun matsala: na farko, in ƙararrawar ta jingina da gilashi za a ci gaba da jin ta rangaɗau, don jijjigar ta bi ta jikin kwalbar, ba ta buƙaci iska ba. Haka in aka rataye ta da waya mai tauri. Na biyu, soso mai rufaffun ƙofofi in aka shimfiɗa a ƙasa kumbura yake yi ya tura kayan su taɓa gefe. Na uku kuma shi ne mai haɗari. Iskar waje tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo ɗaya. Murfi mai faɗin santimita 10 yana ɗauke da wajen kilo 80 ke nan. Kwalba marar kauri ko mai kusurwa huɗu ciki take rugujewa, tarwatsin ya fantsamo. A naɗe ta da salatif mai haske, a sa tabarau, yara su ja baya. Kada kuma a sa wayar hannu a ciki, batirinta na iya kumbura.

Ummi:
Oga Lawal, ta yaya za a tabbatar wa yara cewa ba batirin ne ya mutu ba?

Oga Lawal mai firij:
A buɗe bawul a hankali iska ta koma, ƙarar za ta dawo tana ƙaruwa. Wannan shi ne rabin gwajin na biyu, kuma ya fi na farko gamsarwa. In aka haɗa ɗan ƙwan LED da batirin ya fi, suna ganin wuta na ci, sauti babu. Sun ga bambancin haske da sauti ke nan a kwalba ɗaya.

Injiniya Hadiza:
Gwajin nan tsoho ne, Robert Boyle ya bayyana shi a 1660 da agogon da ya rataye a cikin tulun gilashi, da famfon da Robert Hooke ya taimaka aka ƙera. Amma akwai abin da yawancin littattafai ke tsallakewa, kuma shi ya fi ba ni sha'awa a duk maganar.

A ce injin Oga Lawal ya sauke matsin daga milibar 1,000, wato matsin iskar waje, zuwa milibar 1. Har yanzu kowane santimita na cikin kwalbar yana da ƙwayoyi 25 da sifili 15. Tazarar karon ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Sautin ƙararrawar kuma tsawonsa santimita goma ne ko fiye. Bisa ƙa'idar da na kawo ɗazu, sauti yana tafiya lafiya lau a cikin wannan iskar, gudunsa ma bai canja ba, don zafi ne ke canja gudun sauti a iska, matsi ba ya canja shi. To me ya sa aka daina ji?

Saboda miƙa ƙarfi ne ya gagara. Ƙarfen ƙararrawa abu ne mai nauyi, iskar da ta rage kuma ta yi shakaf, yana kaɗawa ba ya samun abin kirki da zai tura. Duk sanda aka rage iskar gida goma, ƙarfin da ke fita daga ƙararrawa zuwa iska ya ragu gida goma. Sannan wannan 'yar iskar sai ta girgiza gilashi mai kauri kafin sauti ya fito waje, nan ma a sake yin asarar gida goma. A desibel, ma'aunin ƙarfin ƙara, kowane ragin gida goma yana cin wajen desibel 20. Daga 1,000 zuwa 10 an yi asarar 40, zuwa 1 an yi asarar 60. Ƙararrawar da ake ji da desibel 70 ta koma ƙasa da shirun aji. Gwajin yana nuna cewa sauti ya dogara da iska, wannan gaskiya ne. Bai kai ga yanayin sararin samaniya ba ko kusa.

Mamman Damagaram:
Wannan ya bayyana abin da ke faruwa da masu yin gwajin da babban sirinji ko famfon keke da aka juya fatarsa. Da ƙyar suke sauke matsin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Bisa lissafin Injiniya, asarar ba ta wuce desibel 12 ba. Ƙarar ta ragu, amma kowa na ji, sai malami ya shiga kame-kame. In abin da ake da shi ke nan, a saukar da manhajar auna ƙara a waya, a ajiye ta waje a tazarar da ba za a canja ba, a rubuta lamba kafin da bayan. Yara su ga lamba ta sauka ya fi a ce musu "ku saurara da kyau".

Oga Lawal mai firij:
Ƙari a kan haka, kada a dogara da gejin caji mai allura. Da zarar allurar ta kwanta a ƙarshe ba ta bambanta milibar 30 da milibar 1. Wasu kan sa ɗan kofin ruwa a ciki, in ya fara tafasa ba wuta an san an sauka ƙasa da milibar 40 a zafin garinmu. Abin kallo ne mai kyau, amma a yi shi daban. Tururin yana hana matsin ci gaba da sauka, kuma yana shiga man injin ya mai da shi fari kamar nono, sai an canja.

Abba:
Malamai ina da tambaya. In haka ne, 'yan sama jannati kurame suke zama ke nan in sun je can? Kuma fashe-fashen da ake ji a finafinai fa?

Dakta Bello:
A cikin tashar akwai iska mai matsi irin na nan ƙasa, magana suke yi kamar kowa. Wurin ma hayaniya gare shi, don fankoki ba sa tsayawa: inda abu ba ya faɗuwa iska mai ɗumi ba ta tashi sama da kanta, in ba a kaɗa ta ba numfashin da mutum ya fitar sai ya taru a fuskarsa. In sun fita waje, rigar tana da nata iskar, oksijin zalla a matsin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na nan ba a rigunan Amurka. Mutum yana jin numfashinsa da fankar rigarsa. Maganar abokinsa kuma ta rediyo take zuwa: makirufo ya mai da murya lantarki, eriya ta aika, lasifikar da ke kunnen ɗayan ta sake mai da ita sauti a cikin iskar hularsa. Igiyar rediyo dangin haske ce, ba ta neman abin turawa.

In rediyo ya lalace, su haɗa hulunansu su taɓa juna. Murya ta girgiza iskar hula ta farko, ta girgiza jikin hular, ta wuce ta biyu, ta shiga iskarta. Za a ji a dushe, amma za a ji. Daidai yake da wayar gwangwani da zare ta yara, ko sa kunne a layin dogo. Haka in ɗan sama jannati yana aiki a jikin tashar daga waje, na ciki suna iya jin ƙwanƙwasar ta jikin ƙarfe, wanda ke shawagi kusa da shi bai taɓa komai ba kuwa ba zai ji ba.

Fashewa kuma, in kumbo ya tarwatse nesa da kai za ka ga haske shiru. In kana kusa har gas da ɓaraguzan suka iso suka bugi jikin naka kumbon, za ka ji, amma bugun kayan ka ji, kamar tsakuwa a kan kwanon rufi. Rugugin da ake sawa a fim don mai kallo ne.

Mamman Damagaram:
Misali mai kyau na inda sauti ke farawa shi ne duwatsun da ke faɗowa daga sama. Wanda ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, mai nauyin kusan kilo 18, bincike ya nuna ɓallin duniyar Mars ne. Duk yawon da ya yi a sarari shiru ya yi shi. Ƙara tana samuwa ne bayan dutse ya shigo iska mai kauri da gudun da ya fi na sauti ninki da yawa. Na Chelyabinsk a Rasha, 15 ga Fabrairu 2013, ya fashe a tsayin wajen kilomita 30. Mutane suka ga haske, suka je taga kallo, sai bayan minti ɗaya da rabi ko fiye bugun ya iso ya farfasa gilasai. Kusan mutum 1,500 suka ji rauni, yawancinsu daga gilashi. Lissafin walƙiya da tsawa ne: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya.

Abba:
To a Wata da Mars fa? Tunda akwai ƙasa a can.

Injiniya Hadiza:
Biyun ba ɗaya ba ne. Wata ba shi da iskar da za a ambata, don haka a samansa shiru ne, amma jikinsa dutse ne, jijjiga na bi ta ciki. A Nuwamba 1969 'yan Apollo 12 suka bar na'urar auna girgizar ƙasa, bayan sun koma babban kumbo suka saki ɓangaren da suka taso da shi ya faɗa kan Watan da gangan. Na'urar ta yi kusan awa guda tana nuna girgiza. A nan duniya da 'yan mintuna ta lafa, don danshin da ke cikin duwatsu yana shanye ta. Dutsen Wata a bushe yake ƙamas kuma a farfashe.

Mars tana da iska, kusan duka kabon dayoksaid, matsinta wajen milibar 6, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na namu ba. Motar Perseverance da ta sauka a Fabrairu 2021 ta tafi da makirufo biyu, kuma wannan karon sauti ne na gaske aka naɗo: iska, ƙarar ƙafafun motar a kan duwatsu, ƙyas-ƙyas ɗin leza tana harbin dutse, da kaɗawar farfelar ɗan jirgin Ingenuity sau 84 a daƙiƙa. Da lezar aka auna gudun sirirran sautuka, tunda an san nisan dutsen da lokacin harbi, na masu kauri kuma da ƙarar farfelar jirgin. Aka samu wajen mita 240 a daƙiƙa ga sautuka masu kauri, wajen 250 ga waɗanda suka haura kaɗawa 240. Siriri yana riga mai kauri isowa ke nan, sai dai kuma shi ke saurin mutuwa a hanya. Abu ɗaya in ya yi ƙara a nan, a can zai ragu da wajen desibel 20.

Malam Sani:
Wannan na Mars ba ni da ja a kansa, akwai iska, akwai makirufo. Na Voyager, kumbon NASA da ya kai tsakanin taurari, da ake yaɗawa fa? Shi ai an ce ba a ƙara masa sauri ba, yadda aka naɗo haka ake ji. In haka ne ya rushe maganarku ta tazarar karo.

Dakta Bello:
Bai rushe ba Malam, don Voyager 1 ba makirufo ta yi amfani da shi ba, eriya ce mai auna lantarki. Gas ɗin can fulasma ne, wato ƙwayoyin da zafi ko haske ya raba su da elektron ɗinsu, kowa na ɗauke da caji. In wani bugu daga Rana ya iso, elektron ɗin sukan yi lilo gaba da baya tare, kuma saurin lilon ya dogara da yawansu kawai. Lissafin: a ɗauki tushen murabba'in yawan elektron a santimita ɗaya, a ninka da 8,980. A 2013 Voyager ta auna lilo wajen 2,600 a daƙiƙa. In kuka juya lissafin za ku sami elektron 0.08, wato takwas a irin ɗan wurin nan mai santimita ɗaya guda ɗari. Da wannan aka tabbatar ta fita daga kumfar iskar Rana, wato ƙwayoyin da Rana ke fesowa, aka lissafa fitar ta kasance a Agusta 2012. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, 2,600 ya faɗo cikin abin da kunne ke ji, shi ya sa in aka haɗa siginar da lasifika take yin fito. Da za a kai kunne can ba abin da zai motsa shi.

Abubuwa ukun da na ce ana haɗawa ke nan. Akwai sautin da makirufo ya naɗo a inda iska take, kamar Mars. Akwai igiyar matsi ta gaske da aka gano a hoto aka ɗaga ta, kamar Perseus. Akwai kuma abin da ba matsi ba ne sam aka sa shi a lasifika, kamar Voyager, ko girgizar sarari da na'urar LIGO ta Amurka ta kama a Satumba 2015 daga haɗewar baƙaƙen ramuka biyu, wadda ta tashi daga kaɗawa 35 zuwa 250.

Injiniya Hadiza:
Gyara ɗaya ga maganata ta farko, tunda Dakta ya kawo fulasma. Na ce sai ƙwayoyi sun yi karo, wannan a kan iska marar caji ne. A iskar Rana ƙwaya na iya tafiyar da ta kai nisan Rana da duniya ba ta yi karo ba, duk da haka tana jin na kusa da ita ta hanyar lantarki da maganaɗisu. Shi ya sa iskar Rana, mai gudun wajen kilomita 400 a daƙiƙa, in ta iso garkuwar maganaɗisun duniya take yin irin bugun da jirgi mai wuce gudun sauti ke yi, a wajen kilomita 90,000 daga nan ta ɓangaren Rana. Taurarin ɗan adam sun sha ratsa wurin suna aunawa.

Ummi:
Ita Ranar kanta tana da ƙara?

Dakta Bello:
A cikinta, ƙwarai. Samanta tafasa yake yi, tafasar tana haifar da igiyoyin matsi da ke kai da kawo a cikin jikinta, mafi ƙarfinsu suna kaɗawa sau ɗaya a kusan minti biyar. Tun farkon shekarun 1960 aka gano su ta hanyar lura da yadda fuskarta ke ɗagowa tana komawa, kuma da su ake auna abin da ke cikinta kamar yadda ake auna cikin ƙasa da girgiza. Ba sa isowa nan. Da a ce akwai iska irin tamu daga nan har can, a gudun mita 343 sai sautin ya yi kusan shekara 14 a hanya, haske kuwa minti takwas da 'yan daƙiƙu. Zuwa Wata kwana 13, rediyo daƙiƙa 1.3.

Malam Sani:
Zan ci gaba da koyar da cewa sauti ba ya ratsa wurin da babu abin da zai ɗauke shi, kuma ban sauya ra'ayi a kan kiran na Perseus sauti ba. Abin da zan ƙara a darasi shi ne bayanin Injiniya na dalilin da ƙararrawa ke yin shiru a kwalba. Oga Lawal, wace irin ƙararrawa ta fi dacewa, mai guduma ko mai "tiii"?

Oga Lawal mai firij:
Mai guduma ta fi kyan kallo don yara na ganin tana bugawa, amma jijjigarta tana da ƙarfi, tana bin robar ta kai murfi, ba za a sami shiru sosai ba sai an rataye ta da roba biyu a jere da ɗan nauyi a tsakaninsu. Mai "tiii" ba ta da nauyi, siririyar roba ɗaya ta riƙe ta, kuma siririn sauti ba ya bin roba da sauƙi. A sayi wadda ke ƙara da kanta in an ba ta wuta, akwai mai kama da ita da sai an haɗa mata da'ira, in aka sa mata batir "ƙyas" ɗaya take yi ta yi shiru. Kuma a rufe bawul kafin a kashe inji, in ba haka ba kwalbar za ta zuƙo man injin ta tiyo ya ɓata komai.